Zaɓi Ka Miƙa: Labarin Wani Wasan Kati Tsakanin Fagge da Sabon Gari

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, na san wasu za su yi mamakin ganin zancen kati a cikin wannan mujalla tamu, wadda aka saba cika ta da nazarin waƙa da karin magana da ƙa'idojin nahawu. To, ina roƙon a yi mini uzuri. A darasin al'adu an koya mana cewa wasanni madubi ne na zaman masu yin su, aka kuwa ba mu misalai da langa da dara da carafke da tashe. Sai na tuna akwai wani wasa wanda ni kaina na sha wuya a kansa ina yaro, na kuma sake gamuwa da shi da wata kama bayan na girma, amma ban taɓa jin an yi bayaninsa da Hausa ba. Shi ne nake so in ba da labarinsa, gwargwadon abin da idona ya gani.

Ni dai ɗan Fagge ne, a can aka yanke mini cibi. Mahaifina tela ne, shagonsa yana ɗaya daga cikin layukan da ke kusa da Kantin Kwari, inda ƙarar keke ba ta yankewa tun daga hantsi har bayan Lisha, balle in Salla ta gabato. Masana tarihi suna danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, watau ƙarni na 15, a matsayin zangon fatake da Buzaye da sauran baƙi masu sauka a wajen ganuwa. Wannan hali bai bar ta ba har yau, domin kuwa duk sabon abin da ya shigo Kano, mai kyau da maras kyau, da wuya bai fara yada zango a wurinmu ba.

A shekarar 2010, sa'ad da aka yi gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, ina da shekara goma sha ɗaya, sai ga wasu 'yan katuna sun cika teburan masu tireda. Biyar-biyar ake sayar da su a liƙe cikin 'yar leda, naira ashirin, ba ka kuwa sanin abin da ka saya sai ka farke. Kowane kati yana ɗauke da hoton ɗan ƙwallo, a ƙasansa kuma an jera lambobi: na gudu, da na ƙarfin harbi, da na iya tare gida. Yadda muke wasan ba shi da wuya. Kowa ya kifa tarinsa a hannu, a buɗe na sama, mai kira ya ambaci lambar da yake ganin ya fi ƙarfi a kanta, wanda lambarsa ta ɗara ya haɗa katunan biyu ya soke a ƙasan nasa. Wanda aka cinye ya tashi hannu rabbana.

A layinmu akwai wani yaro sa'ana, ɗan wani attajiri mai shagunan atamfa a Kwari. Ba zan kama sunansa ba, domin yanzu magidanci ne. Ɗan Alhaji dai muke ce masa. Shi ba leda-leda yake saye ba, kwali guda ake kawo masa. Sai ya zauna a dakalin ƙofar gidansu ya yi ta farkewa, ya tsince su Messi da Ronaldo da Drogba da Eto'o, ragowar tarkacen ya watsa wa yaran da ke yi masa fadanci. In ya zo wurin wasa, duk katin da ya buɗe sarki ne. Ba ya bukatar tunani, ba ya bukatar dabara, ko da ido rufe ya kira lamba shi ne da ci. Mu kuwa muka ɗauka gwaninta ce, har muna yi masa kirari.

Ni abin ya tsaya mini a rai. Mahaifiyata tana sayar da ɗanwake a cikin gida, tana da wani gwangwanin madara da take jefa ciniki a ciki. Wata rana da hantsi na faki ido na zari naira ɗari biyu, na ruga wurin mai tireda na karɓi leda goma. Har yanzu ina iya jin yadda hannuna yake rawa ina farkewa a bayan wani kango. Kati hamsin, amma babu ko ɗaya daga cikin manyan; mai tsaron raga guda ma sau uku ya fito mini. Duk da haka na tafi na ƙalubalanci ɗan Alhaji, kafin La'asar ya share ni tas. Da mahaifiyata ta zo wanki sai ta tarar da ledojin a aljihuna, ta ƙirga kuɗinta, magana ta kai shago.

Na yi tsammanin bulala, amma mahaifina bai ko tashi daga kan keke ba. Ya ce, "Nawa ka zuba?" Na ce, "Ɗari biyu, Baba." Ya ce, "Ka ga abin da ke ciki kafin ka biya?" Na ce, "A'a." Ya ce, "To, ka taɓa ganin na sayi yadi ban warware shi na duba ba? Wanda ya ba da kuɗinsa a kan abin da bai gani ba, yana jiran sa'a ta fid da shi, caca ya yi, ko hoton wa aka manna a kai." Daga nan ya yanke mini hukuncin sa maɓalli da guga a shago kullum bayan makarantar allo, har sai ladan aikina ya cika ɗari biyu. Wata guda na yi ina biya. Tun daga ranar ko Whot, wadda samari ke bugawa a kowace majalisa, in na ga an baje ta sai in canja hanya.

Shekara goma sha biyu bayan wannan, a 2022, malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki tun daga Fabrairu har Oktoba (malamaina su yi haƙuri, ba tsokana nake yi ba, kwanan wata kawai nake kafawa). Da zaman ya yi tsawo sai na sami aikin jiran shago wurin wani Ibo mai sayar da kayan lantarki a Sabon Gari. Kullum da safe in bi ta Wapa, in miƙe titin Murtala Muhammad har 'Yan Kura, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a ƙafa. Amma duk kusancin nan, da yawa daga cikinmu 'yan Fagge ba mu san Sabon Gari ba sai kasuwarta. Unguwar nan tun wajen 1913 aka kafa ta domin mutanen kudu da suka biyo jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ga shi kuwa har an yi jikoki da tattaɓa-kunne a cikinta. Ɗan maigidana a nan aka haife shi, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu da na sani a cikin birni.

Shi ne wata rana, kasuwa ta yi sanyi, ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin kanta, wanda wansa ya zo da shi daga Ingila bayan ya gama karatu. Cike yake da katuna masu zanen dodanni da mayaƙa da namun daji. Ina ganinsu gabana ya faɗi, na ce masa ni na tuba da wannan tun ina yaro. Ya yi dariya ya ce in dai saurara. Sunan wasan Magic: The Gathering. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993, daga bisani kuma irinsa suka biyo baya daga Japan, kamar katin Pokémon a 1996 da Yu-Gi-Oh a 1999. Sunan yana nufin sihiri, amma iyakar sihirin da na tarar a ciki lissafi ne. Mutum biyu ke karawa, kowa yana farawa da maki 20 a matsayin ransa da kati 7 a hannu, wanda aka ƙarar da makinsa ya faɗi. Katunan launi biyar ne, fari da shuɗi da baƙi da ja da kore, kowane launi da halinsa. Akwai kuma katin ƙasa, wanda shi ne kamar jari: ba ka iya sauke mayaƙi a fage sai kana da ƙasa mai launinsa da za ta biya farashinsa.

Ya ce hanyar da aka fi sani ita ce kowa ya haɗo daminsa na kati 60 daga gida, daga cikin abin da ya mallaka. Kamfanin kuwa a ƙunshi yake sayar da katin, a liƙe, kuma a kowane ƙunshi galibi kati ɗaya ne kurum na nadiri, sauran gama-gari ne. Wanda yake son na ƙwarai sai ya yi ta sayen ƙunshi, ko ya saya ɗai-ɗai da tsada a hannun 'yan kasuwa. Bai gama rufe baki ba na ce, "Ai na san wannan wasa, ɗan Alhaji ne yake ci." Ban kuwa yi kuskure ƙwarai ba, domin tsadar wasu katunan ta wuce hankali, akwai wani na bugun farko mai suna Black Lotus da aka sayar dala miliyan 3 a 2024. Wanda ya girma kusa da 'yan canji na Wapa ba sai an lissafa masa wannan da naira ba.

To, amma akwai hanya ta biyu, ita ce kuwa dalilin wannan rubutu. A cikinta ba wanda yake zuwa da kati ko ɗaya daga gida, kowa zai yi wasa ne da ƙayyadadden abin da ya samu a wurin. Wani lokaci akan ba kowa ƙunshi shida ya farke ya haɗa daminsa daga ciki. Wadda ta fi armashi kuwa ita ce wadda na laƙaba wa suna zaɓi-ka-miƙa, tun da sunanta na Turanci ya yi kama da na wasan diraf na allo, kada a rikita su. Mutum takwas ne za su kewaye tebur, a ba kowa ƙunshi uku masu kati 15. (Tun daga 2024 kamfanin ya mai da ƙunshinsa kati 14, amma mu a kan 15 muka koya.) Kowa ya buɗe ƙunshin farko, ya zaɓi kati ɗaya tak ya kife, ya miƙa ragowar 14 ga na hagunsa, shi kuma ya karɓi 14 daga na damansa. Ya sake zaɓen ɗaya, ya miƙa 13. Haka za a yi ta yi har ƙunshin ya ƙare. Ƙunshi na biyu dama ake miƙa shi, na uku kuma a koma hagu. A ƙarshe kowa yana da kati 45, daga ciki zai tsamo kamar 23, ya ƙara katin ƙasa 17, ya sami dami mai kati 40, sa'an nan a fara karawa.

Mu dai ba mu da kuɗin sayen sabon ƙunshi, ba ma mu san mai sayarwa ba. Saboda haka muka bi wata dabara da masu wasan suka daɗe da sani: muka ware kati 360 daga akwatin, watau ƙunshi 24, in za a yi wasa sai a cakuɗa su, a ƙirga goma sha biyar-goma sha biyar, a ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Cika mutum takwas shi ya fi ba mu wahala. Da ɗan maigida da 'yan'uwansa biyu, da wani Bayarabe mai gyaran waya, da wani ɗan Idoma mai jiran shagon magani, da ni da abokaina biyu da na jawo daga Fagge, haka muka cika. Ran Lahadi da rana muke zama a barandar bayan shago. Rubutun katin Turanci ne, amma Hausa ce harshen teburin, sai in gardama ta yi zafi a zarce da buroka.

Na daɗe ina neman abin da zan kwatanta wannan tsari da shi a rayuwarmu. A kasuwar Ƙofar Wambai in an fasa dilar gwanjo akwai zaɓi, amma mai kuɗi ne ke fara sa hannu, ya tsince na kirki, na bayansa su yi ta tonon saura. A watanda kuwa, in an yanka sa ana gab da Salla, kashin kowa daidai yake da na ɗan'uwansa, amma ba ka da ta cewa a kan abin da ya faɗo cikin naka. Zaɓi-ka-miƙa ya ɗauki daidaiton watanda ya haɗa da zaɓin dila. Kowa yana da dilar da shi ne zai fara sa mata hannu, kowa kuma akwai wadda shi ne zai karɓi ragowarta. In damin mutum ya fito maras kyau, to, sau 45 aka ba shi zaɓi.

Karon farko da na zauna, na buɗe ƙunshina sai ga wani jan dodo mai fiffike, irin katin da ke gama wasa shi kaɗai. Na ɗauke, na ƙudura a raina ni ja zan tara. Ƙunshi ya yi ta zuwa daga dama babu jan kirki, sai shuɗi masu kyau ke ta wucewa ta hannuna ina miƙa su gaba, ina tsintar jajayen da ba su da amfani don kada dodona ya rasa 'yan rakiya. Ashe ɗan maigida da ke damana shi ma ja yake tarawa, shi ne kuwa yake fara gani. Na tashi da dami rabi ƙarfe rabi kara, aka yi mini ci uku a jere, dodon ma sau ɗaya ya zo hannuna. Da aka tashi ya ce mini, "Malam, kai abin da ya zo kake kallo. Ka riƙa kallon abin da bai zo ba."

Wannan magana ita ce rabin ilmin wasan. Ba a magana lokacin zaɓe, ba a nuna kati, amma kowane ƙunshi da ya iso hannunka wasiƙa ce daga waɗanda suka riga ka taɓa shi. In ka ga kati mai ƙarfi ya kai zaɓi na biyar ko na shida ba a ɗauke shi ba, ka san mutanen damanka ba sa son launinsa, ƙofa ce aka bar maka a buɗe. Har wa yau, tun da mutum takwas ne, ƙunshin da ka fara buɗewa zai kewayo ya dawo maka a zaɓi na tara da kati 7 a ciki. In ka riƙe abin da ka gani da fari, sai ka san takwas ɗin da aka cire, ka kuma san abin da teburin yake so. Ga kuma juyawar hanya a zagaye na biyu: wanda ka yi ta miƙa wa a zagayen farko, shi ne zai riƙa miƙo maka yanzu. In ka bar masa launi guda ya zauna a kai, zai sakar maka naka. In ka rikita shi, ku duka biyu za ku sha wahala. Wani abin da na gane a makare shi ne, dami ba ya tsayuwa da manyan katuna kaɗai. Dole a sami masu araha da za su riƙe fage tun da wuri, in ba haka ba kafin jarinka ya kai na sauke dodo an riga an gama da kai.

Sauran magana ita ce ta Baba, wadda ba ta bar zuciyata ba. A ganina, muddin ana sayen ƙunshi a liƙe da fatan a dace da kati mai tsada, ma'aunin da ya ba ni ina yaro yana nan daram, ko a Fagge ko a Amurka. Su kansu masu wasan sun san da haka. A dokokin farko na 1993 kowa yakan ajiye kati ɗaya daga daminsa, wanda ya ci ya tafi da shi, watau daidai da abin da muke yi a dakalin su ɗan Alhaji. Kamfanin ya yi watsi da wannan doka saboda kamarta da caca, bai kuma sake buga katin da ya dogara da ita ba bayan 1995. A 2018 ma hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta sa irin waɗannan ƙunshin-sa'a da ake saye a cikin wasu wasannin kwamfuta a layin caca. Akwatinmu kuwa ba a saye, ba a ci, ba a tafiya da kome gida.

Wata rana mahaifina ya tarar da ni a shagonsa ina rubuta fassarar katunan a 'yan takardu domin abokaina. Ya ɗauki ɗaya ya juya. Ya ce, "An koma?" Na yi masa bayani tun daga farko, yana ta taka keke kamar ba ya ji. Can ya ce, "Nawa ake zubawa?" Na ce, "Ko sisi, Baba." Ya ce, "Wanda ya ci, me yake samu?" Na ce, "Ba kome, akwati ake mayarwa." Ya tsaya ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ashe ɗinkin ƙyalle kuke yi, kowa ya fid da riga daga abin da almakashi ya bari. To, kada dai La'asar ta wuce ku." Bai ce ya yarda ba, bai kuma hana ba.

Ana saura 'yan makonni a janye yajin aiki, ɗaya daga cikin abokaina ya yi tafiya, kujera ta zama babu kowa. Ɗayan ya ce zai zo da wani. Ran Lahadi sai ga shi da ɗan Alhaji, ya yi ƙiba, yana kaɗa makullin mota. Muka gaisa hannu biyu-biyu, aka koya masa dokoki, ƙuri'ar wurin zama kuma ta ajiye shi a haguna, watau ni ne mai miƙa masa sau biyu cikin uku. Na lura bai ma tuna da abin da ya wuce ba, ni kuwa ina ganinsa sai ƙanshin ɗanwake da zafin dutsen guga suka dawo mini.

Zagaye biyu na farko na yi su da natsuwa, na zauna a kan shuɗi da baƙi, damina yana kyau, abin da ya rage mini kawai katin da zai kashe babban mayaƙin abokin karawa. Da na buɗe ƙunshi na uku sai ga shi, baƙi, mai araha, daidai bukatata. Amma a bayansa ga wani ƙaton koren dodo, wanda duk akwatin babu kamarsa. Ba ni da kore ko ɗaya. Na san ƙa'ida sarai, ɗan maigida ya sha faɗa mana: ɗaukar kati don hana wani asara ce, domin cikin mutum bakwai uku kurum za ka kara da su, damin da ka raunana kuwa da shi za ka yi kowane wasa. Na riƙe katunan nan biyu har na dama ya fara ƙwanƙwasa tebur. Na saci kallon ɗan Alhaji, na ga hannunsa a miƙe yana jira, kamar dai yadda yake miƙo shi a dakali in ya kira lamba. Na kife koren, na miƙa masa sauran.

Ban ko haɗu da shi a karawar ba. Bayaraben nan mai gyaran waya ne ya fitar da ni tun a karon farko, da wani mayaƙi guda wanda na rasa abin kashe shi, ina kallo yana rage mini maki huɗu-huɗu har na ƙare. Ɗan Alhaji shi ma bai kai ko'ina ba, ya ci ɗaya aka ci shi biyu, yana ta dariya yana cewa a sake.

Da aka zo mayar da kati, kowa ya turo nasa tsakiyar tebur, sai ya hangi koren a cikin tarin da ban yi amfani da shi ba. Ya ɗauka ya karanta a hankali, ya ce, "Kai, mutumina, wannan ai sarki ne! Me ya sa ka bar shi a benci?" Na ce launina ne bai zo daidai ba. Ya ce, "Ni ma da ya zo mini da wucewa zai yi, fari da ja na tara." Ya jefa shi cikin akwati. Ɗan maigida ya ci gaba da ƙirga har ya kai 360, ya rufe, ya tura ƙarƙashin kanta. Ɗan Alhaji ya ce in zo ya rage mini hanya, muka biyo ta Wapa ana kiran Magariba, yana ta tambayata yadda ake gane launin da na dama ya bari, ni kuwa ina ba shi amsa.